Ina Lagwanin Fitilar Zamani?

GABATARWA

Fitila tana cikin abubuwan da Bahaushe ya daɗe da sanin halinsu. Tun zamanin da ake zuba man gyaɗa ko man kaɗe a kasko a tsoma zaren auduga, har ya zuwa zamanin aci-balbal da fitilar ƙwai, babu yaron da zai tashi a gidan Hausa bai san yadda ake ƙara haske ko rage shi ba. In ana son karatu sai a ɗaga lagwani, in za a kwanta a rage shi. In kuwa aka ɗaga shi fiye da kima, sai ya yi hayaƙi ya baƙanta ƙwan, kananzir kuma ya ƙare tun dare bai raba ba. Wannan duk ilmi ne, ko da yake ba a aji ake koyar da shi ba, kuma yana da kalmominsa waɗanda tsoho da yaro duk suka sani.

A yau fitilar ƙwai ta ja da baya. Abin da ya maye gurbinta shi ne tocila mai caji, da fitilar sola, da farin ƙwan lantarki, da hasken da ke bayan wayar hannu. Duk waɗannan abu ɗaya ne a cikinsu, watau wata 'yar halitta ta ƙira wadda sau da yawa ba ta fi ƙwayar dawa girma ba. Masu gyara suna ce mata "led". Da za a bi ƙa'idar aron kalmomi a ƙara mata wasali a ƙarshe, da sai ta yi karo da "leda", wadda tuni ta kama gurbinta a bakin 'yan kasuwa. Saboda haka a wannan rubutu zan riƙa kiranta ƙwayar haske.

Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce: ina lagwanin wannan fitila? Ta yaya ake ƙara mata haske ko a rage, kuma don me wata take shekaru tana aiki, wata kuma ba ta cika wata uku ba sai ta mutu? Ni ɗalibin Hausa ne, amma a lokacin yajin aikin malaman jami'a na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, na zauna a rumfar yayana, wanda sana'arsa ita ce gyaran rediyo da tocila da fitilun caji. A can na fara ganin abin da idona, daga baya kuma na bi shi da karatu.

ASALIN ƘWAYAR HASKE

A shekarar 1962 ne wani injiniya ɗan Amurka mai suna Nick Holonyak, yana aiki a kamfanin General Electric, ya ƙera ƙwayar haske mai ba da jan haske wanda ido ke gani. Shekaru da dama yawanci ana sa ta ne a jikin rediyo ko wata na'ura don ta nuna cewa a kunne take. Abin da ya gagari masana shi ne shuɗi mai ƙarfi, har sai da wasu Japanawa uku, watau Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka shawo kansa. Nakamura ya fito da shuɗiyar ƙwaya mai tsananin haske a 1993, kuma a 2014 aka ba su ukun kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks. Farin hasken da muke karatu da shi a yau yawanci shuɗin nan ne aka shafa masa wani sinadari mai launin rawaya, haɗuwar shuɗi da rawaya ita ce ido ke gani fari. Amfaninta a fili yake, domin hasken da tsohon ƙwai mai zare yake bayarwa da wat 60, ƙwan zamani yana ba da shi da wat 8 zuwa 10.

HALINTA DA WUTA

Kafin mu ci gaba, lalle ne mai karatu ya rarrabe abubuwa biyu waɗanda Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya, watau "wuta". Na farko shi ne ƙarfin da ke tura lantarki cikin waya, wanda ake aunawa da bolt. Zan kira shi turi. Na biyu shi ne yawan lantarkin da ke wucewa, wanda ake aunawa da amfiya, ko miliamfiya in ya yi ƙanƙanta, ita kuwa miliamfiya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya. Wannan zan kira shi kwarara. A kwatanta da tankin ruwa da aka ɗora a kan gini: tsayin da aka ɗaga tankin shi ne turi, yawan ruwan da ke zuba daga bakin famfo shi ne kwarara.

To, hasken ƙwayar nan kwarara yake bi. In kwarara ta ƙaru haske ya ƙaru, in ta ragu ya ragu, in kuma ta wuce abin da aka ƙayyade mata sai ƙwayar ta yi zafi ta lalace. Ƙaramar ƙwaya irin ta jikin rediyo miliamfiya 20 take ɗauka, babba mai wat ɗaya kuwa kimanin 350.

Wahalar tana wajen turi. Ƙwayar haske kamar ƙofa ce mai tauri wadda za ka yi ta turawa ba ta motsa ba, amma da zarar ta saki sai ta wangale gaba ɗaya. Ja ba ta kamawa sosai sai turi ya kai wajen bolt 2, fara da shuɗiya kuwa sai wajen bolt 3. Ƙasa da haka kusan babu abin da ke wucewa. Da an ɗara haka kaɗan, ƙarin bolt 0.2 ko 0.3 kawai yana iya ninka kwarara. Bugu da ƙari, duk sa'ad da ƙwayar ta ɗumama, turin da take bukata yana raguwa da kimanin bolt 0.002 a kowane digiri guda. Ma'anar wannan ita ce, in aka haɗa ta da batir kai tsaye, zafi zai ƙara kwarara, kwarara ta ƙara zafi, haka za su yi ta zuga juna har ta ƙone. A ƙasa irin tamu, inda ɗaki mai rufin kwano yakan zama kamar tanda a watan Afrilu, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ke nan wanda ya ba ƙwayar haske turi ya bar mata kwarara ta zaɓa da kanta, daidai yake da wanda ya hau doki ya saki linzami.

LINZAMI NA FARKO: TSARE KWARARA

Linzami mafi sauƙi shi ne ɗan abin nan mai zanen launuka da masu gyara ke kira rizisto, wanda aikinsa shi ne ƙuntata hanyar lantarki. Ana auna shi da om, sunan da aka samo daga Georg Ohm, Bajamushen da ya bayyana ƙa'idarsa a 1827. Lissafinsa bai gagari ɗan firamare ba. A cire turin da ƙwaya ke ci daga turin batir, abin da ya rage a raba shi da kwararar da ake so. Alal misali, in batir yana da bolt 12, farar ƙwaya kuma tana cin 3, saura 9. A raba 9 da 0.02, watau miliamfiya 20, sai a sami om 450, a kasuwa kuwa mai 470 ake samu, shi za a sa.

Amma a lura da hasarar da ke cikin wannan. Daga bolt 12, uku kacal suka je ga ƙwayar, tara kuwa rizisto ya mai da su zafi, watau kashi uku cikin huɗu na cajin batir ya tafi a banza. Shi ya sa mai wayo yake jera ƙwaya uku a layi ɗaya, wannan na bin wannan, su ci bolt 9, saura 3, a sa musu om 150. Haske ya ninka uku, hasara kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai dai kuma batir ba ya zama wuri ɗaya. Batirin sola da ake kira mai bolt 12 yakan kai 14.4 sa'ad da ake cajinsa, ya kuma sauko ƙasa da 12 in ya yi sanyi. A jerin da muka yi yanzu, in turi ya kai 14.4, kwarara za ta doshi miliamfiya 36, kusan ninki biyu na abin da aka yi niyya. In ya sauko 11.5, sai ta koma wajen 17. Rizisto dai linzami ne, amma na igiya, yana miƙewa.

Fitilu masu araha da yawa da na ga an kwance a rumfa ko wannan ba su cika ba. Sai ka tarar da ƙwayoyi ashirin ko talatin an haɗa su kafaɗa da kafaɗa a kan rizisto guda. Da yake ba a samun ƙwaya biyu masu hali ɗaya sak, wadda ta fi saurin buɗewa ita ke kwasar rabo mafi tsoka, ita ce kuma ke fara mutuwa. Da ta mutu sai rabonta ya koma kan sauran, su ma su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne dalilin da za ka ga fitila ta yi giɓi kamar bakin tsoho. Masu magana sun ce araha ba ta ado.

Linzami na ƙwarai shi ne wanda ke auna kwarara da kansa ya riƙe ta wuri ɗaya, ko batir ya cika ko ya rage. Akwai wata 'yar na'ura mai ƙafa uku da ake kira LM317, wadda ake samu a rumfunan kayan gyara na Sabon Garin Kano da makamantansu. Halinta shi ne kullum tana riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafafunta biyu. In aka sa rizisto mai om 3.6 a tsakaninsu, kwarara za ta tsaya a wajen miliamfiya 350, muddin batir ya ɗara bukatar ƙwayar da kimanin bolt 3. Ita ma tana mai da rarar turi zafi, don haka fitilu masu kyau suke amfani da wani tsari mai nannaɗaɗɗiyar waya wanda hasararsa ba ta da yawa.

RAGE HASKE DA TURIN UMURNI

Tun da an riƙe kwarara, saura yadda za a ƙara ta ko a rage ta yadda aka ga dama. Hanya ta farko ita ce wadda ta fi kama da lagwani. Ana sa tiransisto a ƙarƙashin ƙwayar ya zama kamar kan famfo, a ƙarƙashinsa kuma a sa ƙaramin rizisto, a ce mai om 1, wanda duk kwararar za ta bi ta cikinsa. Bisa ƙa'idar Ohm, in miliamfiya 350 ce ke wucewa, za a sami bolt 0.35 a kansa, in 100 ce a sami 0.1. Ya zama ma'auni ke nan. Sa'an nan sai a kawo wata na'ura mai kwatanta turi biyu, a ba ta wannan a hannu ɗaya, a ɗaya hannun kuma a ba ta wani turi daga waje, wanda zan kira turin umurni.

Aikin mai kwatancen nan irin na mai awo ne a gaban sikeli. In ya ga abin da ke kan ma'auni bai kai umurni ba sai ya ƙara buɗe tiransisto, in ya wuce sai ya rage, har su daidaita, kuma yana yin haka ba tare da hutawa ba. Saboda haka wanda ya ba da umurnin bolt 0.2 zai sami miliamfiya 200 daidai. A lura, ba ƙwayar aka ba wannan turi ba, mai awon aka ba, shi kuma ya juya shi ya zama kwarara. Ana iya samo turin umurni daga abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo. A manyan gine-gine kuwa akwai tsarin da ake aika umurni daga bolt 0 zuwa 10 ta cikin siririyar waya, fitilun zaure duka su bi.

RAGE HASKE DA KUNNA-KASHE

Hanya ta biyu ba ta da kama a fitilun da, amma tana da kama a wasan yara. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga yadda yaro ke ɗaukar kara mai garwashi a baki ya riƙa wulwula shi da dare, sai a ga zoben wuta a iska, alhali kuwa garwashin ɗaya ne, wuri ɗaya yake a kowane lokaci. Ido ne yake da nawa, ba ya sakin abin da ya gani nan da nan. Tun a 1834 wani Baturen Ingila mai suna Henry Fox Talbot ya nuna cewa in haske yana ƙiftawa da saurin da ya fi ƙarfin ido, abin da mutum ke gani shi ne matsakaicinsa.

A kan wannan aka gina dabarar da zan kira kunna-kashe. Ba a taɓa yawan kwarara, ana barinta a cikakken adadinta, sai dai a riƙa kunna ƙwayar ana kashewa ɗaruruwa ko dubban lokuta a cikin sakan ɗaya. Abin da ake canzawa shi ne rabon kunnawa, watau tsawon lokacin da take a kunne cikin kowane zagaye. A ce ana zagaye 1,000 a sakan. In a kowane zagaye tana kunne rabin lokaci, matsakaicin miliamfiya 350 ya zama 175. In rubu'in lokaci ne, ya zama wajen 88, ido kuma zai ga haske mai laushi wanda bai yanke ba.

Ba a bukatar kaya masu tsada don yin wannan. Akwai wata tsohuwar na'ura mai ƙafa takwas da ake kira 555, wadda Hans Camenzind ya tsara, ta shiga kasuwa a 1972, har yau kuma ana amfani da ita. Ɗaliban injiniya kuwa sun fi son allon Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005. A allon Uno mutum yakan ba da lamba daga 0 zuwa 255, yawancin ƙafafunsa kuma suna zagaye kimanin 490 a sakan. In ka ba shi 64 ka sami rubu'i, in ka ba shi 255 ƙwaya ta tsaya a kunne ba ƙiftawa.

Akwai gargaɗi ɗaya da yayana ke maimaita wa yaran rumfa kullum. Kunna-kashe ba ta maye gurbin linzami. A ɗan lokacin da ƙwayar take a kunne, kwararar da batir ya ga dama ce za ta bi ta in babu abin da ya tsare ta. Dole ne a fara tsare kwarara, sa'an nan a sassara ta.

Har ila yau ana iya haɗa hanyoyin biyu. In aka bi da saƙon kunna-kashe ta cikin rizisto da kafasito, sai ya lafa ya zama turi mai santsi, wanda za a iya miƙa wa mai kwatance a matsayin umurni. Mai noman rani da jigo ya san wannan, domin guga-guga yake juye ruwa a kwarmi, amma daga kwarmin ruwan yakan bi lambatu yana gudana ba yankewa.

WACE TA FI?

Kowace da ranarta. Rage kwarara ba ya kawo ƙiftawa ko kaɗan, kuma ƙwayar haske ta fi ba da haske mai yawa a kan kowane wat sa'ad da ba a matsa mata ba, don haka wannan hanya tana tattalin batir. Aibinta shi ne in aka rage ƙwarai, launin farin yakan ɗan jirkita, ƙwayoyin da ke jere kuma wata ta fi wata haske. Kunna-kashe kuwa tana riƙe launi yadda yake, tana iya sauka ƙasa sosai, kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa tana yin ta cikin sauƙi. Wannan ne ya sa ta mamaye tocila da allunan talla da fuskokin wayoyi da yawa.

Wani abin da ya kamata mai tattali ya sani shi ne ido ba ya lissafi irin na mita. In aka rage haske zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, mutum yakan ga kamar rabi aka rage. Ke nan wanda ya sa fitilarsa a matakin da yake gani tsaka-tsaki ne, cajinsa na iya kai shi ninki huɗu na lokacin da zai yi a cikakken haske. Ga ɗalibin da jarrabawa ta matso kuma ba a kawo wuta ba, wannan lissafi yana da daraja.

Aibin kunna-kashe yana bayyana ne in aka yi ta da nawa. Wata rana wani dattijo maɗinki ya kawo fitilar caji rumfa, ya ce shi dai tun da ya saye ta yake fama da ciwon kai in ya yi ɗinkin dare, allurar keke kuma sai ya ga ta rabu uku.

Yayana ya ce, "Baba, a wane mataki kake sa ta?"

Ya ce, "A ƙarami mana, ɗana, don caji ya kai ni asuba."

Sai yayana ya ja labule, ya kunna ta a ƙaramin mataki, ya ɗauki fensir ya riƙa kaɗa shi da sauri a gabanta. Maimakon a ga inuwa guda a shafe, sai muka ga fensira jere kamar haƙoran mataji. Ya mai da ita cikakken haske ya sake kaɗawa, jerin ya ɓace.

Ya ce, "Ka gani, Baba, fitilar ce take ƙifta maka ido. In za ka yi ɗinki ka sa ta a babba, ko ka bar ta in canza mata allo. In kuwa ciwon kan bai daina ba, sai a je asibiti a duba."

Dattijon ya yi shiru yana kallon fensir, can ya ce, "Ikon Allah! Ni da na ɗauka tsufa ne."

Abin da ya faru a nan sananne ne ga masana. Mutum yakan daina ganin ƙiftawa in ta wuce sau 60 zuwa 90 a sakan, amma wannan ba ya nufin ba ta taɓa shi, domin wasu mutane sukan sami gajiyar ido da ciwon kai ko da ba su ganinta. Ƙiftawa mai nawa wadda ido ke gani tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya ciwonsu. Wani hatsarin kuma shi ne abu mai juyawa, kamar zarton injin katako ko bel na injin niƙa, yana iya bayyana kamar a tsaye yake ko yana tafiya a hankali, in juyawarsa ta dace da ƙiftawar fitila. A 2015 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta fitar da shawara mai lamba 1789, wadda a cikinta aka nuna cewa fitilar da ke mutuwa gaba ɗaya a kowane zagaye sai ta kai sau 1,250 a sakan kafin a ce hatsarinta kaɗan ne, sai kuma ta kai 3,000 kafin a ce ba a ganin wani tasiri. Ko ƙwan da ba a rage masa haske ba yana iya ƙiftawa, domin wutar layi a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a sakan, ƙwan da aka yi wa ƙwauron kafasito kuma sai ya riƙa ƙiftawa sau 100. Gwajin fensir ba ya cin ko kwabo, kyamarar waya ma sau da yawa takan nuna baƙaƙen layuka a kan fitila mai wannan hali. Gara mutum ya gwada a gaban mai kanti kafin ya biya.

BATUN HARSHE

A nan ne abin ya shafe mu, mu ɗaliban wannan sashe. Yayana ya san duk abin da na faɗa a hannunsa, amma in zai koyar da yaro sai ya ce "wuta ta yi yawa", ko turi yake nufi ko kwarara. Shi ya san bambancin, yaron kuwa bai sani ba, sai ya ɗauko mita ya auna bolt, ya ga 3, ya ce ai daidai ne, alhali kwarara ce ke cin ƙwayar. Na ga kayan da aka ƙona ta wannan hanya, kuma kuɗinsu daga aljihun mai rumfa ko na mai kaya suke fita. Inda kalma ɗaya take ɗauke da abu biyu, hankalin mai koyo ma abu ɗaya zai gani.

Ba yau aka fara bayanin kimiyya da Hausa ba. Tun kafin samun mulkin kai Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah. A 1990 kuma aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, don nazarin harshe da adabi. Abin da nake gani shi ne irin wannan aiki yana jiran mu a rumfunan masu gyara. Turi da kwarara da rabon kunnawa da na yi amfani da su a nan shawara ce kawai. Da na gwada su a rumfa, "kwarara" ta karɓu nan da nan, "turi" kuwa yara sun yi ta dariya kafin su saba, "kunna-kashe" ma dama tana bakinsu. Ma'aunin kalma shi ne ko mai sana'a zai ɗauke ta ya yi aiki da ita. Saboda haka wanda zai ƙirƙiri kalmomin lantarki ya kamata ya fara zama a benci kusa da mai dalma, ya ji abin da suke cewa, ya ɗauki wanda ya riga ya zauna, ya cike inda ke da giɓi.

KAMMALAWA

A taƙaice, ƙwayar haske kwarara take bi, kuma ba a barinta ba linzami. Bayan an tsare kwarara, ana rage haske ko dai ta hanyar turin umurni wanda ke rage kwararar kanta, ko ta hanyar kunna-kashe wadda ke rage lokacin da take a kunne. Ta farko ta fi sauƙi ga ido, ta biyu ta fi riƙe launi, kuma in za a yi ta sai a yi ta da sauri ƙwarai. Mai saye ya gwada da fensir, mai gyara ya auna kwarara kafin ya rufe fitila.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kai, su leƙa wannan fage. Mun yi rubutu mai yawa a kan kalmomin saƙa da jima da ƙira da rini, kuma hakan ya yi kyau. Masu gyaran waya da masu haɗa sola da masu gyaran fitila su ma suna da nasu, suna kuma ƙaruwa kullum, ba wanda ke tattarawa. In ni da ba fannina ba ne na iya kawo wannan ɗan bayani, haɗin gwiwa tsakanin sashenmu da sashen injiniya zai iya fitar da ɗan littafin da yaron rumfa zai karanta ya gane. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma sa mu amfanar da shi, amin.